Yadda Ake Canja Kurosmemba da Fanal ɗin Gaban Golf 3 a Gida

Golf 3 ta daɗe tana jigilar mutane da kaya a hanyoyin Arewa. Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, ya rufe samfurin a 1997, sai wagon da ta kai har 1999. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ma ta haura shekara 25. Motar da ta yi wannan daɗewar a kan titi, da wuya ka samu wadda gabanta bai taɓa haɗuwa da bayan wata motar ba, ko kwalbati, ko rami mai zurfi cikin dare. Wasu kuma tun daga Turai suka taho da cutarsu, domin can ana barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa ƙarfen ƙasan gaba yake fara ci. Sai ka ga bonet ba ya rufuwa sai an maka shi da ƙarfi, fitila ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, lagireto an ɗaure shi da waya, in ka saki kuloci kuma ka ji wani "gum" daga gaba.

Abin daɗin shi ne, gaban wannan motar da ƙusoshi aka ɗaure shi, babu walda. Mai haƙuri zai iya canja shi a ƙofar gida cikin yini guda in ƙusoshin ba su yi gardama ba, yini biyu in sun yi. Amma ga abin da nake so ya zauna maka a rai tun kafin ka ɗauki sifana: inji ne zaune a kan kurosmemban gaba. Inji da giyabos ɗin Golf 3 a kan kujeru uku suke, biyu a baya, ɗaya a gaba, ta gaban kuma a kan wannan ƙarfen take. Duk wanda ya kwance shi bai tallafe injin ba, injin zai rusuno gaba, ya tsinke tiyo da wayoyi, in hannunka na ƙarƙashi ya danne shi.

Fanal shi ne firam ɗin da ke riƙe da fitilu, da giril, da makullin bonet, da saman lagireto. A ƙasansa akwai ƙarfe biyu a jere: siriri wanda lagireto ke zama a kai, da mai kauri wanda ke ɗauke da kujerar inji, shi ne kurosmemba. Dukansu suna komawa ne ga bakin ƙafafun shasi biyu, wato dogayen ƙarafan nan da suka taho daga jikin mota ta dama da hagu.

Fara da awo, kada ka fara da kasuwa

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. In bugun da motar ta sha ya karkatar da ƙafar shasi, sabon kurosmemba ba zai zauna ba, in ma aka tilasta shi ya zauna, mota za ta riƙa ja gefe tana cin taya. Don haka ka ajiye ta a wuri shimfiɗaɗɗe daidai, daɓen siminti ya fi, ka buɗe bonet ka ɗauko tef.

Nemi wurare biyu masu kama da juna a dama da hagu waɗanda bugu bai kai gare su ba. Tsakiyar notin saman shokazoba ya dace. Auna daga na dama zuwa ƙusar ƙarshe ta gaba a kan madigadin hagu, ka rubuta. Auna daga na hagu zuwa takwararta ta dama, ka rubuta. Awon biyu da suka gitta juna ya kamata su zo ɗaya. Masu gyaran jikin mota kan yarda da bambancin milimita 3 ko makamancin haka. In ka ga santimita guda ko fiye, gaban ya kauce. Daga nan ka auna tsayin bakin kowace ƙafar shasi daga ƙasa, ka kwatanta. Sannan ka haska tocila a jikin ƙafafun, ka bi su da tafin hannu har baya. Fentin da ya tsage ya ɓare a layi ɗaya, ko ƙarfen da ya yi tattara, shaida ce cewa wurin ya lanƙwashe. Duba kuma ratar da ke tsakanin madigadi da ƙofar gaba: in a gefe ɗaya ta matse har ƙofa na gogawa, bugun ya tura ƙarfe baya.

In ka samu ɗaya daga cikin waɗannan, aikin ya fi ƙarfin gida. Kai wa mai bugun jikin mota wanda ke da abin jan shasi, ya dawo da ƙafar wurinta tukuna. Ban yarda da dabarar ɗaure sarƙa a jikin bishiya a ja da ribas ba, haka kuma gasa ƙarfen da wutar gas har ya yi ja. Ƙarfen da aka gasa haka ya rasa ƙarfinsa, ranar da aka sake bugu ba zai tare komai ba, mutanen da ke ciki ne za su sha.

Sayen kaya

In awo ya yi kyau, sai kasuwa. A Kano Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Abuja Apo, a Legas Ladipo, duk ana samun gaban Golf 3 na Beljiyam. Ni dai na fi son tsohon kurosmemba na asali mai lafiya a kan sabo mara suna, saboda kaurin ƙarfen da daidaiton ramukan. Lambar kayan wannan motar galibi da 1H take farawa, in ka goge datti za ka gan ta a jiki.

Kada ka tafi da baki kawai. Ɗauki hoton gaban motarka ta kowace kusurwa, in da hali ma ka bari sai ka kwance tsohon ka tafi da shi. Dalili kuwa, ba duk gaban ne ɗaya ba. Fanal ɗin Vento ya bambanta da na Golf domin fitilunsu ba iri ɗaya ba ne. Mai AC da mara AC, mai fetur da mai dizal, sukan bambanta a faɗin lagireto da wuraren ɗaure shi. Fanal ɗin kansa akwai na ƙarfe, akwai na faiba. Na faiba ka lanƙwasa shi kaɗan a hannu ka duba tsaga a kusa da makulli da kunnuwan fitila. Na ƙarfe ka duba ko an taɓa buga shi an shafe da foti.

Kurosmemba kuma ka ɗora shi a daɓe ka ga ko ya kwanta daidai ko yana rawa. Ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma daga wannan baki zuwa wancan. Lafiyayyen ƙarfe ƙara mai kaifi yake yi, wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ka ji muryarsa a dushe, har ɓarɓashi na zuba daga ramuka. Duba robobin da ke bakinsa biyu, inda ƙusoshi ke ratsawa, in sun tsattsage ka sayi wasu. Tunda wurin zai buɗe, ka sayi sabuwar kujerar inji ta gaba. Da yawa daga cikinsu akwai ruwa a ciki, in ka ga tsohuwar ta yi jirwaye baƙi tana naso, ta mutu. Roƙi mai kayan ya haɗa maka da ƙusoshin da aka kwance daga motar da aka ciro shi.

In har da fitila za ka saya, tabbatar ba ta motar Ingila ba ce. Su ta hagu suke tuƙi, mu tun 1972 ta dama muke bi, fitilarsu haskenta hagu yake karkata, wato cikin idon mai tahowa.

Abin da za ka tanada

Soket da sifana masu lamba 10 da 13 da 16 da 17, da doguwar sanda ta ƙarin ƙarfi. Sukurudireba mai baki da mai kuros, da saitin masu kan tauraro, domin motocin Jamus na son su. Filaya babba ta matse kilif ɗin tiyo. Jak biyu, ɗaya na ɗaga mota, ɗaya mai faɗin kai na tallafe inji. Ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, in babu sai guma-guman katako masu kauri. Bulon siminti kam a'a, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Sai guntun katako mai faɗi, waigi na tayoyin baya, baho mai tsabta, burushin ƙarfe, samfefa, jan fenti na hana tsatsa, giris, man kwance tsatsa irin WD-40, maka ta yin alama, da ledoji. In za ka iya aron sifana mai auna ƙarfin ɗauri, aro. Kuma ka samu mutum ɗaya da zai kama maka, akwai wurare uku da hannu biyu ba sa isa.

Daren jajibirin aikin, fesa man tsatsa a kan duk ƙusar da idonka ya gani a ƙasan gaba, ka sake fesawa da asuba. Na san wasu kan yi amfani da man birki. Yana jiƙa tsatsa, amma duk inda ya ɗiga a fenti sai ya ci shi.

Kwance fuska

Injin ya kwana a sanyaye. Ja birkin hannu, sa giya ɗaya, sa waigi a baya. Cire kan batir na nagatif ka kautar da shi gefe. Wannan dole ne, saboda fankar lagireton Golf 3 na iya tashi da kanta ko makulli na aljihunka, ga kuma babbar wayar kik mai wuta kullum dab da kujerar injin da za ka taɓa. In rediyon na asali ne mai lambar sirri, tabbatar kana da lambar.

Sassauta ƙusoshin tayoyin gaba, ɗaga motar, tokare ta ta ƙarƙashin wuraren jak da ke bayan tayoyin, sannan ka cire tayoyin. Girgiza motar da ƙarfi. In ta motsa, gyara tokarin kafin ka shiga ƙasa.

Ɗauki hoto a kowane mataki, musamman hanyar da wayoyi suka bi. Duk ƙusoshin da ka cire daga wuri ɗaya ka zuba su a leda ɗaya ka rubuta sunan wurin. Fara da giril, wanda kilif ne ke riƙe da shi tare da siririyar robar da ke ƙarƙashin fitilu. Robar ta tsufa, rana ta gasa ta, ka bi ta da lallami. Cire soket ɗin fitilu, kwance sukurorinsu, ka ajiye su a cikin ɗaki a kan tsumma. Siginar Golf 3 a jikin bamba take, don haka ka cire wayoyinta da na fitilar hazo in akwai. Kwance sukurorin da suka haɗa bamba da robar cikin madigadi, sannan na sama da na ƙasa, ku ja ta gaba ku biyu.

A nan ka tsaya ka duba da kyau. Ƙarfen cikin bamba da kurosmemba duk a bakin ƙafar shasi suke haɗuwa. Manyan ƙusoshin da ke shiga daga ƙasa zuwa sama, kada ka taɓa ko ɗaya a cikinsu yanzu. Sai an tallafe inji.

Kafin ka kwance makullin bonet, zagaye shi da maka don ka san inda yake zaune. Zare wayar da ke buɗe shi daga ramin da take maƙale, ka bi ta ka cire ta daga kilif-kilif ɗin fanal. Cire oda da wayarta, da duk wata wayar ƙasa da aka ɗaure a jikin fanal. A motocin Volkswagen wayar ƙasa ruwan ƙasa ce, in ka manta da ɗaya wajen mayarwa, fitila za ta yi ta rashin lafiyar da mai riwaya zai daɗe yana nema.

Lagireto

Buɗe murfin tankin ruwa mai kamar ƙwallo, sa baho a ƙasa, matse kilif ɗin tiyon ƙasa da filaya ka ja shi baya, ka murɗa tiyon a hankali har ya saki. Kada ka ɓanɓare shi da sukurudireba, bakin lagireton roba ne. Ruwan zai kai wajen lita 6. In kulan ne a ciki, wato ruwan sanyaya inji mai launi da ake saye, rufe bahon ka ɗauke shi nan take. Yana da zaƙi kuma guba ne, akuya ko kyanwa ko yaro mai rarrafe in ya sha, ƙoda yake kashewa. Abin da ya zuba a ƙasa ka rufe shi da yashi ka kwashe.

Cire tiyon sama, da soket ɗin fanka, da na suwic ɗin da ke jikin lagireto. Kwance ƙusoshin da ke riƙe da shi, ka fitar da shi. A ƙasansa akwai ƙananan robobi da yake zama a kai, kada su ɓace.

In motar na da AC mai aiki, kada ka kwance bututunsa. Gas ɗin da ke ciki na da matsi, in ya fesa a fata ƙuna yake yi, a ido kuma ya fi muni. Kwance kwandensa, wato lagireton AC da ke gaban na ruwa, daga mazauninsa kawai, ka kautar da shi gefe gwargwadon yadda tiyonsa ya yarda, ka rataye shi da igiya, ka rufe fuskarsa da kwali.

Yanzu fanal ya rage da ƙusoshinsa na kan madigadi dama da hagu da na ƙasa. Kwance su, ka sake dubawa ko akwai wayar da ta rage, ku ɗauke shi.

Tallafe inji da sauke kurosmemba

Wannan ne zuciyar aikin, ka ba shi lokacinsa. Turo jak na biyu ƙarƙashin inji, ɗora guntun katakon nan a kansa. Ka sa katakon ya tari wurin da inji ya haɗu da giyabos, ko ya kwanta a faɗin kwanon baƙin mai gaba ɗaya, har gefe da gefe inda ƙarfen ya fi ƙarfi. Kada kan jak ya taɓa kwanon kai tsaye. In kwanon ya lotsa ciki zai toshe bakin matsotsin mai, injin ya riƙa aiki da yunwar mai ba ka sani ba.

Ɗaga jak a hankali har ya taɓa, sannan ka ƙara kaɗan kana kallon kujerar gaba. Da zarar ka ga robar ta ɗan saki, nauyi ya bar ta, tsaya. Ba ɗaga injin ake so ba, karɓar nauyinsa ake so. In ka wuce gona da iri za ka ja kujerun baya da salansa. Jak mai mai kan sauka da kansa a hankali, don haka ka cusa wani katakon a gefensa ya zama madogara ta biyu, musamman in aikin zai kwana.

Kwance ƙusar saman kujerar, wadda ta ratsa hannun ƙarfen da ya fito daga jikin giyabos. In ta fito da sauƙi da yatsa bayan ka sassauta, tallafinka ya yi daidai. In tana cijewa, nauyi na kanta, gyara tsayin jak. Shi hannun ƙarfen, ƙusoshin kik ne ke riƙe da shi, ka bar shi sai in ya lanƙwashe. Daga nan ka kwance ƙusar ƙasan kujerar.

In motar mai pawa sitiyari ce, duba bututun ƙarfe siriri da ke bi ta jikin kurosmemba, wanda ke sanyaya man sitiyari. Kwance maɗaurinsa ka rataye shi, ba sai ka zubar da man ba. Zagaye bakin kurosmemba da maka a jikin shasi, dama da hagu.

Sai manyan ƙusoshi. Sa soket mai kusurwa shida wanda ya zauna cif, buga shi ya shige sosai, ka ja da doguwar sanda a hankali, ba da fizga ba. In ƙusa ta motsa kaɗan ta cije, mayar da ita baya, fesa mai, sake gwadawa. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ta saki. Dalilin wannan haƙurin shi ne, notin da take shiga a cikin ƙafar shasi yake a manne. In ƙusar ta karye a ciki, ko notin ya ɓalle ya fara juyawa da ita, aikin rabin awa ya koma na mai walda. Sassauta duka tukuna, ka bar ɗaya a kowane gefe riƙe da zare kaɗan, abokin aikinka ya riƙe ƙarfen, sannan ka zare na ƙarshen. Ka lura da jerin yadda ƙarafan biyu da robobi da wosha suka hau kan juna, ka ɗauki hoto kafin su watse.

Da gaban ya buɗe, haska cikin ƙafafun shasi. Goge tsatsa da burushi da samfefa har ƙarfe ya yi fari, soka da sukurudireba ka ji. In ya huda, sai an yi faci da walda kafin a ɗora komai. In lafiya lau ne, shafa jan fenti sau biyu, ka bar shi ya bushe. Sabon kurosmemban ma ka yi masa haka, har da cikin ramukansa. Lokaci ne kuma mai kyau na duba fambel, da bakin tamostat na roba, da tiyon da ya kumbura, domin ba za ka sake samunsu a fili haka ba.

Mayarwa

Dokar mayarwa ɗaya ce: kowace ƙusa ta shiga da yatsa, kuma kada a ɗaure ko ɗaya tamau sai duka sun shiga. Goge zaren kowace da burushi. Wadda ta sirance a tsakiya ko kanta ya lashe, jefar da ita. In za ka sayi madadi, duba lambar ƙarfi da ke kan tsohuwar, 8.8 ko 10.9, ka sayi irinta ko wadda ta fi ta. Ƙusar da babu lamba a kanta ba ta da wuri a inda inji ke zaune.

Ɗora sabuwar kujera a kan kurosmemba da ƙusarta ta ƙasa a sake, ku ɗaga shi ku biyu, ka kama ƙusa ɗaya a kowane gefe, sannan sauran. Daidaita shi da alamar maka. In rami ya ƙi haɗuwa da ɗan kaɗan, soka sukurudireba mai kauri a ramin da ke kusa ka jawo shi. In ya ƙi da yawa, kada ka faɗaɗa ramin, kada ka buga ƙusa da guduma. Ko kayan ba na motarka ba ne, ko shasin ya kauce, koma ga tef.

Ɗaure manyan ƙusoshin, dama kaɗan hagu kaɗan. Ga mai sifanar awo, wadda ke auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin Nm, ƙa'idar ƙusa mai 8.8 ita ce: mai kaurin milimita 6 wajen Nm 10, mai 8 wajen 25, mai 10 wajen 50. In kana da littafin motar, nasa za ka bi. Yanzu sauke jak ɗin inji sannu a hankali har hannun ƙarfen ya sauka a kan kujera, ramin ya fuskanci rami. Kama ƙusar sama da yatsa, sauke jak gaba ɗaya, ka girgiza injin da hannu ya zauna yadda yake so, sannan ka ɗaure sama da ƙasa. Kujerar da aka ɗaure a murɗe ba ta daɗewa, kuma ita ce ke sa sitiyari da dashbod su riƙa karkarwa in mota na tsaye. Mayar da bututun sitiyari, ka tabbatar ba ya gogar komai.

Ɗora fanal da ƙusoshinsa a sake. Mayar da kwandensa, sannan lagireto a kan robobinsa, da tiyo, da wayoyi bisa hotunan da ka ɗauka. Sa fitilu, su ma a sake.

Saita bonet na bukatar nutsuwa. Kafin ka rufe shi ko sau ɗaya, haɗa wayar makulli, shafa giris, ka danna harshen makullin da sukurudireba kamar bonet ne ya sauka, abokinka ya ja hannun buɗewa daga ciki. Yi haka sau da yawa har ka tabbata yana saki. Wanda ya rufe bonet a kan makullin da wayarsa ba ta kama ba, sai ya sake kwance giril yana laluben makulli ta ƙasa. In ya yi, sauke bonet a hankali kana leƙawa, ka ga ko ƙugiyarsa na faɗawa tsakiyar makulli. In ta kauce, matsar da fanal ko makullin, kada ka tilasta bonet. Duba ratar bonet da madigadi a gefe biyu, da ratar da ke saman kowace fitila. In gaban bonet ya nutse ko ya ɗago, murɗa robobin da yake sauka a kansu. Sai komai ya yi daidai a ido sannan ka ɗaure fanal, ka bi da makulli, ka ƙare da fitilu.

Gwada ƙugiya ta biyu, wadda ke riƙe bonet bayan an ja hannun ciki. Ja bonet ɗin sama da ƙarfi, dole ta riƙe shi. Ita ce ke hana shi tashi ya rufe gilashi kana gudu a babbar hanya, kuma na ga motocin haya da yawa da aka cire ta aka maye da igiya. Kada ka fita da mota in ba ta kamawa.

Mayar da ƙarfen bamba, da bambar, da giril, da tayoyi. Sauke motar, ka ɗaure ƙusoshin taya, nasu Nm 110 ne.

Ruwa, wuta da gwaji

Zuba kulan ta tankin ƙwallo a hankali, kana matsa tiyon sama don iska ta fita. Na Volkswagen iri biyu ne a zamanin wannan motar, G11 mai shuɗi-kore da G12 mai ruwan hoda, kuma ba a gauraya su. In ba ka san wanda ke ciki ba, wanke da ruwa mai tsabta ka zuba iri ɗaya. Ruwan rijiya zalla da ake ta zubawa shi ne ke cinye famfon ruwa da toshe lagireto, ko da yake ba mu da ƙanƙara, maganin tsatsar da ke cikin kulan muke bukata.

Haɗa batir, tada inji, ka duba siririn tiyon da ke dawo da ruwa saman tankin, ya kamata ka ga yana tsartuwa. Rufe murfin, ka bar injin ya yi zafi har allura ta kai 90, tiyon ƙasa ya ɗumama, fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta. Leƙa ƙasa ka nemi ɗigo. Bayan ya huce ka cika ruwan zuwa tsakanin alamomin biyu. Gwada dim, da ful, da sigina, da oda.

Da magariba ka saita fitila. Tsayar da motar a fili daidai, mita 10 daga bango. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi a bangon a wannan tsayin. In ka kunna dim, bakin hasken na sama ya sauka ƙasa da layin da santimita 10 zuwa 12. Sukurorin saiti na bayan fitila, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu.

Ja birkin hannu, sa giya ɗaya, ka ɗan saki kuloci abokinka na tsaye a gefe, ba a gaba ba, yana kallon injin, sannan ka yi haka a ribas. Ya ɗan motsa ya dawo, ba tare da bugu ba. Fita da ita a hankali cikin unguwa, rediyo a kashe, kana saurare. Kurosmemban gaba ba ya riƙe da ƙafar taya, don haka canja shi kaɗai ba ya taɓa alaimen, amma in bugu ne ya jawo aikin, kai ta a duba. Bayan ta yi tafiyar kilomita 100 ko makamancin haka, sake shiga ƙasa da soket ka bi manyan ƙusoshin da na kujerar inji ɗaya bayan ɗaya, ka duba ruwan tanki da safe kafin ka tada ta.